Yadda Ake Binciken Tarihin Gundumar Karkara a Kudancin Sin

Mai son sanin tarihin wata gunduma a karkarar kudancin Sin ya fara da tantance matsayinta a tsarin mulki, wato lardin da take ciki da yankin da ke kula da ita, domin gundumomi da dama suna da suna iri ɗaya. Ya kuma lura cewa a shekarar 1958 an mayar da ƙauyuka gungun noman haɗin gwiwa, ba a dawo da tsarin gundumomi ba sai wajen 1983 zuwa 1985, saboda haka iyakokin yau ba lallai su dace da na da ba.

Daga nan sai taswira. Ya bi kogi tukuna, don a wannan yanki mai damina mai ƙarfi da noman shinkafa sau biyu a shekara, kasuwanni sukan tsiro ne a bakin ruwa. Garin Chikan na Kaiping a lardin Guangdong misali ne: yana gaɓar kogin Tan, kuma zuriyar Guan da Situ ne suka raya shi.

A ganina, mafi daraja cikin madogaran bincike su ne kundin tarihin yanki da littattafan salsalar dangi da ake ajiyewa a ɗakunan tunawa da kakanni. Gine-gine ma shaida ne, kamar hasumiyoyin Kaiping da 'yan ci-rani suka gina da kuɗin da suka samo a Amurka da Kanada, waɗanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2007.