Yadda za ka kawo ƙwararre daga waje ya yi maka aiki a masana'antarka

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, cikin Kaduna, kuma har ya rasu yana ambaton Japanawan da suka koya masa sarrafa injin saƙa a Arewa Textiles. Haka Kaduna ta ginu: Turawan Ingila a masaƙar Kaduna Textiles (KTL) tun 1957, Faransawa a kamfanin Peugeot, Japanawa kuma su suka gina matatar mai da aka buɗe a 1980. Ni injin casar shinkafa nake da shi a Kudenda. Da na sayo injin da ke tsince baƙar ƙwaya da tsakuwa ta hanyar duba launi, na rasa mai saita min shi, dole na nemo wani Ba'indiye. Ga abin da na koya, don kada ka sha wuyar da na sha.

Kafin komai, ka san tsawon zaman da kake so ya yi. In zuwa zai yi ya haɗa inji, ya gwada, ya koma, izinin aiki na wucin gadi ya ishe ka, wanda ake kira TWP. Kamfaninka ne zai nema a wajen Hukumar Shige da Fice, kuma yawanci kwana 90 ne. In kuwa ɗaukarsa aiki za ka yi na shekara ɗaya ko fiye, hanyar daban ce, kuma ta fi tsawo.

A nan na yi tuntuɓe. Wani dillali ya karɓi kuɗina, ya ce a shigo da mutumin da bizar kasuwanci, wai ta fi sauri. Allah ya taimake ni na tuntuɓi lauya kafin a yanki tikiti, ya ce min, "Alhaji, wannan bizar ta taro ce da ƙulla ciniki, ba a yin aiki da ita." Kuɗin dillali ya tafi, inji ya yi wata biyu a lulluɓe da tamfol, ga shanshera jibge a sito. Kada ka yarda da gajeriyar hanya, domin in aka kama, kai da baƙonka ne a ciki.

Hanyar gaskiya tana farawa ne da kota, wato izinin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bai wa kamfani na ɗora baƙo a kan wani muƙami. Ta intanet ake nema yanzu. Ka tanadi takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shaidar biyan haraji, takardun wurin da masana'antar take, shaidar injinan da ka shigo da su, da tsarin yadda za a horar da 'yan ƙasa. Kota ta muƙami ce, ba ta mutum ba, saboda haka in wannan ya tafi kana iya ɗora wani. Ka kula ƙwarai da yadda za ka rubuta sunan muƙamin. A 2018 shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa na 5, wanda ya hana bai wa baƙo biza a kan aikin da ake da masu iya shi a gida. In ka rubuta makanike kawai, ai Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, cike take da su. Ka fayyace irin injin da irin ƙwarewar da ka rasa.

Da kota ta fito, sai ka aika masa da takardar ɗaukar aiki da wasiƙar da kamfani ya ɗauki nauyinsa a gaban hukuma, ya nemi bizar STR, wato bizar shigowa ta wanda aka ɗauka aiki, a ofishin jakadancin Najeriya na ƙasarsa. Yana sauka, kwana 90 gare ku ku nemi katin zama da aiki, CERPAC. Kada ka jira sai wa'adi ya ƙarato. Kuɗaɗen kuma suna canzawa, ka duba shafin hukuma ranar da za ka biya. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin dala 15,000 a shekara kan darakta baƙo da dala 10,000 kan sauran ma'aikata, masu masana'antu suka koka, aka dakatar da shi a watan Maris. In ƙwararren naka ɗan Ghana ne ko Togo ko Benin, ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma in zai wuce kwana 90 sai ya nemi katin zama.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙa'ida ta ce kowane baƙo a haɗa shi da 'yan Najeriya biyu masu takardar karatu, su riƙa koyo a hannunsa har su gaje shi. Da yawa suna rubuta sunaye ne kawai don cika takarda. Wallahi asara ce babba, domin ranar da baƙon ya tafi ka koma gidan jiya, ka sake neman dala.

Ni na ɗauko yara biyu da suka gama Kaduna Polytechnic, na ƙara da wani yaro daga Panteka mai kaifin hannu. Na sa a cikin yarjejeniya cewa in inji ya tsaya, su ne za su riƙe sufana, shi Ba'indiyen ya tsaya a bayansu yana nuna musu. Na saya musu babban littafi, duk matsalar da ta taso a rubuta ta da maganinta. Na kuma nace sai ya ba su lambar sirrin allon injin, don a nan ake saita ƙarfin iskar da ke fyaɗe baƙar ƙwaya. Wani kaso na haƙƙinsa na ɗaure shi da ranar da yaran za su yi mako guda suna tafiyar da inji ba tare da an kira shi ba. Da fari ya ɗan ja, daga baya shi da kansa yake kiran su da sassafe su goge gilashin kyamarorin kafin a kunna.

Duk wata akwai rahoton da kamfani ke miƙa wa Hukumar Shige da Fice kan baƙin da ke aiki a wurinsa, ka ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa. Ranar da kwangila ta ƙare kuma, ka sanar da hukuma a rubuce cewa ya bar aiki, a cire shi daga kan muƙamin, ka ajiye kwafin wasiƙar a fayil ɗin kamfani.