Yadda ake wanke tsohuwar kwalbar kantin magani ba tare da an lalata ta ba

Kafin ka kai ruwa kusa da irin kwalaben da masu haɗa magani a Ingila ke jerawa a kan kanta a ƙarni na 19, fara karanta rubutun jikinsu. Da Latin ake yin sa, a gajarce. PULV. gari ne, RAD. saiwa, OL. mai, TINCT. kuma tsimi ne cikin barasa. In ka ga ZINGIB., citta ce ta zauna a ciki, CARYOPH. kanumfari, SENNA filasko, ACACIA kuwa ƙaro ne, irin wanda ake kai wa Turai daga Sudan. Amma TINCT. OPII tsimin ofiyom ne, wani abin sa maye mai haɗari. Haka kwalba shuɗiya ko koriya mai layi-layi a jiki, yawanci ta guba ce, an yi ta haka don hannu ya gane ta ko da a duhu. Irin waɗannan, sa safar hannu, kada ka shinshina, balle ka ɗanɗana.

Daga nan sai marfi. Na gilashi ne, kuma yakan kafe. Kada ka murɗa da ƙarfin tsiya, wuyan ne zai tafi. Ɗiga mai kaɗan a bakin, ka naɗe wuyan da tsumma mai ɗumi, sannan ka riƙa ƙwanƙwasa marfin a hankali da cokalin katako. In ya ƙi yau, bar shi ya kwana.

Wankin da ruwa mai ɗumi-ɗumi ne da ɗan sabulu, domin ruwan zafi yana tsaga tsohon gilashi. Zuba ɗanyar shinkafa cokali ɗaya ka girgiza, ita za ta kankare dauɗar da hannu bai kai ba. Abin da na fi jin tsoro shi ne tsoma kwalbar gaba ɗaya a bokiti. Lambar sunan, mai ruwan zinariya, sau da yawa tana ƙarƙashin wani siririn gilashi da aka manna. Ruwa na shiga, rubutun ya tashi, darajar kwalbar ta bi shi. Goge wajen da busasshen ƙyalle ya isa.

Kife ta ta bushe, kana ka duba gindin. Tabo mai kaushi a tsakiya alama ce da baki aka hura ta, kada ka goge shi.

Ajiye ta nesa da rana. Kuma duk kyan da ta yi, kada a zuba mata yaji ko zuma.