Yadda ake ɗaukar faɗan fim ya fito kamar gaske, a salon Hong Kong

Mai kallo yakan yarda da faɗan fim ne idan idonsa ya ga wanda ya kai duka, ya ga inda dukan ya sauka, ya kuma ga abin da dukan ya yi wa jikin wanda aka daka. Masu shirya fim na Hong Kong a shekarun 1980, irin su Sammo Hung da Jackie Chan da Yuen Woo-ping, a kan wannan suka gina aikinsu, kuma yawancin dabarunsu ba sa cin kuɗi. Lokaci suke ci.

Fara da yanka faɗan gunduwa-gunduwa tun wajen atisaye. Kowace gunduwa ta ƙunshi motsi kamar 3 zuwa 8: naushi, karewa, shuri, kaucewa, sai faɗuwa. A ɗauki atisayen da wayar hannu, a haɗa shi, a kalla kafin ranar ɗauka. A nan za ka gane inda kyamara za ta tsaya wa kowace gunduwa. Kada ka jera kyamarori uku su ɗauki faɗan daga farko zuwa ƙarshe da niyyar edita ya zaɓa daga baya. Naushin da ya yi kyau ta wannan kusurwa, ta waccan kowa zai ga iska ya daka.

Dalilin kuwa shi ne naushin fim ba ya taɓa fuska. Yana wucewa da tazarar kamar santimita 15 zuwa 30, kyamara ce ke ɓoye giɓin. A ajiye ta a bayan kafaɗar ɗaya daga cikin masu faɗan, yadda dunƙulen hannu zai gitta tsakanin fuskar wanda ake duka da idon kyamara. In aka ɗauka daga gefe, su biyun suna fuskantar juna, giɓin zai fito fili. Gilashin kyamara mai janyo nesa yana matse tazarar, mai faɗi kuma yana buɗe ta, don haka mai faɗin ya fi dacewa da shuri da dukan jiki, inda ake iya taɓawa da gaske saboda akwai soso a ƙarƙashin riga.

Rabin aikin yana wuyan wanda aka daka. Kansa ya bi inda naushin ya nufa, ya fizge shi daidai lokacin da hannun ya gitta, sannan kafaɗa da ƙafa su biyo baya. Ya riga naushin motsi, asiri ya tonu. Ya makara, ya zama wasan yara. Shi ya sa ya fi kyau a ba ƙwararre matsayin yaran bos, ko da jarumin bai iya sosai ba. Duk wanda ya saba kallon dambe ya san jikin da ya sha duka ba ya komawa garau nan take: numfashi ya sauya, gwiwa ta yi sanyi. A bar wannan gajiyar ta riƙa taruwa har ƙarshen faɗan.

Sai kiɗan faɗan. Jackie Chan da Sammo Hung a makarantar wasan opera ta gargajiyar Sin, wato wasan dandali mai haɗa waƙa da tsalle-tsalle da faɗa, suka taso, inda motsi ke bin ganga, kuma ana jin haka a aikinsu. Duka uku da sauri, ɗan tsayawa na rabin sakan, sai babban duka. Tsayawar ce ke ba ido damar fahimta. Faɗan da ke tafiya da gudu ɗaya tun daga farko yana gundura, komai iyawar 'yan wasan.

Akwai ƙananan dabaru da ke ƙara wa duka nauyi. Ana barbaɗa hoda a kan takalmi ko rigar wanda za a shura, ƙurar ta tashi daidai inda ƙafa ta sauka. Ta fi fitowa in haske na zuwa daga baya. Ana kuma ɗauka da firem 22 (wato hotuna ɗaiɗai da kyamara ke ɗauka) a sakan, a nuna da 24, saurin ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. A kwamfuta ma ana iya yin haka, amma in aka zarce, tufafi da gashi za su riƙa rawa yadda ba su yi a zahiri, mutane su fashe da dariya.

Wajen tacewa ne ake yawan kashe faɗa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yankewa daidai kan dukan: hannu ya taso a hoto ɗaya, mutum ya faɗi a na gaba, dukan kansa ba a gani ba. A bar duka da sakamakonsa cikin hoto guda. In za a yanka zuwa hoton kusa, a koma baya da firem 2 ko 3 yadda dukan zai maimaitu kaɗan. Ido yana buƙatar wannan ɗan lokacin kafin ya kama sabon hoto, sai ya ga duka ɗaya mai ƙarfi. Kuma wanda ke dama ya ci gaba da zama a dama, sai dai in an nuna lokacin da suka sauya wuri. Girgiza kyamara da yawan yanka galibi rufa wa ɗan wasan da bai iya ba asiri ake yi da su, masu kallo kuma sun gane.

Sauti a ɗora shi daga baya, kowane duka da nasa: na ciki mai zurfi, na fuska mai kaifi, na karewa gajere. Sauti ɗaya da aka maimaita sau 20 yana ɓata ko da faɗa mai kyau.

Faɗuwa daga sama kuwa a tanadi kwalaye marasa komai a ciki, a jera su hawa-hawa, a ɗora katifa a kai. Gilashin da za a fasa ya zama na sukari ko na roba mai saurin farfashewa, sanda kuma ta soso ko itace marar nauyi. In 'yan wasa suka gaji har tazarar naushi ta fara raguwa, a dakata a huta, don a irin wannan lokacin ne ake fasa wa mutum hanci.