Yadda ake ajiye mota na watanni ba tare da ta lalace ba

Wanda zai tafi aikin Hajji, ko ƙaro karatu a waje, ko aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, yawanci dabara ɗaya yake yi wa motarsa: ya miƙa makulli ga ƙane ko ɗa, ya ce a riƙa tayar da ita kowace safiya tana ɗan ɗumi. Wannan dabara ta fi kowace cutar da motar da aka ajiye, kuma da bayanin illarta ya kamata a fara.

Duk lokacin da aka murza makulli, sitata tana zuƙar wuta mai yawa daga batir, sama da amfiya 100 a ƙaramar mota. Minti biyar na aikin inji a tsaye ba lallai ya sake cika batir ba, don haka yana iya riƙa raguwa a hankali. Sannan ƙona litar fetur ɗaya yana fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Idan inji ya kai cikakken zafinsa, wajen digiri 90, kuma salansa ta yi zafi har ƙarshenta, tururin fita yake yi. Idan kuwa an kashe da wuri, sai ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa yana cin ta da tsatsa, wani kuma ya gauraya da baƙin mai. Wannan farin kitse mai kama da madara da ake gani a ƙarƙashin murfin zuba mai, sau da yawa daga nan yake.

Zaɓi biyu ne. Ko dai a samu amintaccen direba da zai fita da motar kan titi duk mako biyu, ya yi tafiyar minti 30 ba tsayawa, ya kunna na'urar sanyaya mota, ya taka birki, ya shiga kowace giya. Ko kuma a shirya ta yadda ya kamata, a rufe, kowa ya rabu da ita. Idan tafiyar ba ta wuce mako uku ba, motar da batirinta ke da lafiya ba ta bukatar komai sai wanki da inuwa. Daga wata ɗaya zuwa sama ne sauran bayanin nan ya shafa.

Wurin ajiya

Daɓen siminti ya fi ƙasa tsura, domin ƙasa tana tura danshi zuwa ƙarƙashin mota da damina, ciyawa ta tsiro ta zama hanyar ɓeraye, da rani kuma ta bushe ta zama abin kama wuta. Idan ba siminti, a shimfiɗa leda mai kauri a hau da motar kanta. A dubi inda ruwa ke kwanciya a gidan da unguwar. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta nutsar da motoci a inda masu su suka bar su, kuma motar da ruwa ya kai kujerunta wayoyinta ba kasafai suke komawa daidai ba.

Inuwar bishiya tana ruɗin mutane. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro akwai kashin tsuntsu da na jemage da ƙaro, kuma a zafin bazara, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kashin tsuntsu yana cin fenti cikin 'yan kwanaki ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Ga reshe da iskar farkon damina ke karyowa. Gareji ko rumfar kwano su ne daidai. A nisanta motar da ɗakin ajiyar hatsi da wurin zuba shara.

Baƙin mai, fetur da ruwan lagireto

A yi juyen baƙin mai da filta kafin ajiya, ko da lokacinsu bai ƙarasa ba. Man da aka yi tafiya da shi yana ɗauke da ruwa da ragowar fetur da sinadarai masu cin ƙarfe, kuma ba a so su kwana watanni a jikin sassan inji. Bayan juyen a yi tafiyar minti 15 don sabon man ya zagaya ko'ina.

Fetur yana fara lalacewa daga wata uku zuwa shida, a ƙasa mai zafi ma ya fi sauri. Sassansa masu saurin kama wuta su ke fara tashi, ragowar ya yi kauri ya zama danƙo, ya toshe injekta ko kafireto, ya liƙe famfon da ke cikin tanki. Idan ajiyar ta wata ɗaya zuwa uku ce, a cika tanki da sabon mai daga gidan mai, a tsaya da zarar famfo ya katse da kansa, domin fetur yana kumbura da zafi. Cikakken tanki ba ya barin wurin da iska mai danshi za ta zauna, kuma wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe. Kada a ajiye mota da man bumburutu, ba a san me aka gauraya a ciki ba.

Idan za a wuce wata uku, a nemi maganin hana fetur lalacewa, irin su STA-BIL, a shagunan kayan mota. Awonsa kusan mililita 30 ne ga kowace lita 10, amma a bi abin da ke rubuce a jikin kwalbar. Ana zuba shi kafin a sha mai don ya gauraya, sannan a yi tafiyar minti 10 ya isa har injekta. In ba a samu ba kuma tafiyar za ta kai shekara, gara a bar mai kaɗan a tanki da niyyar zuƙe shi a zubar ranar dawowa, da a yi asarar lita 60. Motar dizal kuwa a cika ta, domin ruwan da ke taruwa a tankinta shi ke haifar da baƙin yauƙi mai toshe filta. Mai motar da aka mayar ta gas na CNG ya rufe bawul ɗin da ke kan tukunyar.

Mutane da yawa ruwan famfo ko na rijiya kawai suke zubawa a lagireto. Mota tana yawo ma yana cutarwa, balle ta tsaya wata shida: tsatsa za ta kama famfon ruwa da hanyoyin cikin inji, ranar da aka tayar sai a ga ruwa ja kamar kunun kanwa. A zubar da shi, a wanke, a sa ruwan lagireto na kanti mai launi, wanda ke da maganin tsatsa. Man birki shi ma yana shan danshi daga iska, idan ya haura shekara biyu a canza shi kafin tafiya.

Batir

Ko an kashe mota, agogo da ƙwaƙwalwar inji da ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin diddigi suna shan wuta a hankali, wajen miliamfiya 20 zuwa 50. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da batir cikin mako huɗu zuwa takwas. Batirin da ya cika yana nuna bolt 12.6 a mita. Da ya sauka ƙasa da 12.4 ya daɗe a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a farantan dalmar da ke ciki, kuma wanda ya daskare ba ya narkewa ko an yi caji. Shi ya sa batirin da ya mutu murus sau ɗaya ba ya sake riƙe wuta kamar da.

A caje shi ya cika, sannan a cire kan da ke da alamar ragi (-), wato baƙar waya, yawanci da sifana mai lamba 10. Ita ake fara cirewa, domin idan aka fara da jar waya sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi. A naɗe kan wayar da tsumma a kawar da ita gefe. Idan akwai farin gari a kawunan batirin, a wanke da ruwan ɗumi da bakin soda, a shafa man giris kaɗan. Batir mai murafu a duba ruwansa, a cike da ruwan batir tatacce, ban da asid.

Cire waya ba ya hana batir zubar da wuta da kansa, kuma zafi yana ƙara saurin hakan. Saboda haka idan tafiyar ta wuce wata biyu, ya fi kyau a ciro shi gaba ɗaya, a ajiye a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, a bar wa wani amanar kai shi caji duk mako shida. Ƙaramin faifan sola mai wat 10 tare da na'urar daidaita caji shi ma yana wannan aiki, ya kuma fi dogaro da wutar NEPA.

Kafin a cire batir a gwada ƙaramin makullin ƙarfe a ƙofar direba a tabbatar yana buɗewa, domin rimot ba zai yi aiki ba. A wasu motocin Mercedes da BMW batirin yana cikin but ne, kuma but ɗin da wuta yake buɗewa, wanda ya rufe shi bayan cire waya ya jawo wa kansa aiki. Wasu rediyoyin Honda suna neman lambar sirri idan wuta ta dawo, a nemo ta tun yanzu.

Taya da birki

Taya tana rage fam ɗaya zuwa biyu na iska kowane wata, kuma inda ta taka ƙasa yana baje idan ta daɗe a wuri ɗaya. A je wurin mai faci a ƙara fam 5 zuwa 8 a kan abin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Idan an rubuta 32, a kai 38 ko 40, muddin ba a haura iyakar da ke jikin tayar ba, wadda yawanci 44 ce ko 51. Ajiyar da za ta kai shekara tana bukatar a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe guda huɗu a wuraren da kamfani ya tanada don jak. Bulo na siminti yana fashewa ba zato, bai dace da wannan ba.

Kada a ja birkin hannu. Da damina takalman birki suna mannewa da ganga saboda tsatsa, ranar tashi tayar baya ta ƙi juyawa. A sa waigi na katako gaba da bayan taya biyu, mota mai giyar otomatik a bar ta a P, mai giyar hannu a giya ta ɗaya. Bayan wankin ƙarshe a ɗan zagaya ana taka birki don faifan ya bushe.

Ɓeraye

Nan ne asarar da ta fi zafi take faruwa. Ɓera yana shiga ta ƙarƙashin inji, ya yi sheƙa a akwatin filtar iska ko bayan dashbod, ya gaigaye wayoyi. Waya ɗaya da ya yanke a cikin damin wayoyin da ke zuwa ƙwaƙwalwar inji tana iya sa mai gyaran waya ya kwana uku yana nema. Abin da ke kiran sa abinci ne: ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujera, ƙwallon dabino a aljihun ƙofa, burbushin biskit ɗin yara a tsakanin kujerun baya. A cire tabarmin ƙafa, a share ko'ina, a kwashe takardu da tsummoki.

A cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a bakin salansa da bakin bututun da inji ke shaƙar iska, domin ɓera ba ya iya cin sa, kuma yana hana zanzaro gini a ciki. A rubuta takarda a manna a sitiyari cewa an toshe wuraren nan biyu. Kafin a kashe mota a karo na ƙarshe, a danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a cikin mota, wannan yana rufe ƙofar da iskar waje ke shigowa. Tarko da gam ɗin ɓera a ƙasa kusa da tayoyi sun fi guba. Ɓeran da ya ci guba yakan shige cikin bututun iska ya mutu a can, warin kuma sai an kwance dashbod.

Wanki da rufi

A wanke har ƙarƙashi, a bari ta bushe sarai, a shafa man goge fenti. A rufe gilasai ruf, a ajiye kwanon gawayi a ciki don ya tsotse wari da danshi. A ɗaga robar goge gilashi ko a sa tsumma a ƙarƙashinta, in ba haka ba zafi zai manna ta da gilashin. Tamfol da leda ba rigar mota ba ne. Da damina suna riƙe gumi a jikin fenti, da hunturu kuma ƙura ta shiga ƙarƙashinsu, iska tana kaɗa su suna goge fentin da ita, an gudu ba a tsira ba ke nan. A sayi rigar mota ta yadi mai barin iska ta ratsa, a ɗaure ta tamau.

Masu zama a Kanada ko arewacin Amurka da ke ajiye mota lokacin ƙanƙara suna da ƙarin abu biyu: su wanke gishirin da ake watsawa a titi daga ƙarƙashin motar, su kuma tabbatar ruwan lagireto haɗin rabi da rabi ne, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ruwa tsura idan ya daskare yana fasa inji.

Ranar tayarwa

A fara da leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga. A cire soson ƙarfen nan biyu, a buɗe akwatin filtar iska, a bi wayoyi da robobin ruwa da ido. A duba baƙin mai da ruwa da man birki, a mayar da iskar taya yadda take. Wajen mayar da batir, jar waya ake fara ɗaurawa, baƙa daga baya. A buɗe murfin tanki a shinshina: lalataccen fetur yana warin tsohon fenti, in an ji haka a zuƙe shi kafin a taɓa makulli.

A murza makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a jira daƙiƙa uku, a kashe, a maimaita sau uku don famfo ya tura mai. Sannan a tayar, ba tare da taka totur ba. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, idan ta ƙi a kashe injin nan take. Motar da ta shekara a tsaye, bakanike ya cire fulogogi ya ɗiga ƙaramin cokali na baƙin mai a kowane rami, ya juya injin da hannu tukuna.

A gwada birki tun a cikin gida. Ƙarar gurzar tsatsa tana ɓacewa bayan an taka sau kaɗan, girgizar taya kuma bayan tafiyar kilomita 20 zuwa 30. Idan girgizar ta ƙi tafiya, ko aka ga tsaga a gefen taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida ga tsaga a jikinta canji take bukata. Lasisin mota da inshora na shekara ɗaya ne, a duba ranar ƙarewarsu kafin a hau babban titi.