Kaska da allurar rigakafi: kurakuran da muke yawan tafkawa

Jama'a akwai maganar da nake yawan ji kuma tana damuna, mutum ya ce ai an yi wa shanuna allura, ko an yi wa karena rigakafi, shi kenan na huta da batun kaska. Bayan wata biyu dabba ta kwanta sai ya dawo yana cewa allurar jabu ce, ko likitan bai san aikinsa ba. Wani lokacin da gaske allurar ce ta lalace a hanya, amma sau da yawa ba daga nan matsalar take ba, ƙwayoyin bakteriyan da kaska ke ɗauke da su ne suke da dabarun zille wa garkuwar jiki, kuma in ba ka san dabarun nan ba to kuskure ɗaya za ka yi ta maimaitawa.

Na farko dai shi ne haɗa duk ciwon kaska a kwando ɗaya. Kaska fa jaka ce kawai, abin da ke cikinta iri-iri ne. Akwai bakteriya kamar Borrelia mai jawo ciwon Laim (ciwon da ke zuwa da zazzaɓi da ƙurji mai faɗaɗa kamar zobe a fata), da Anaplasma, da Ehrlichia, akwai bairos, akwai kuma su Babesia da Theileria waɗanda ba bakteriya ba ne kwata-kwata. A Turai ana yi wa mutane rigakafin bairos ɗin kaska mai kumbura ƙwaƙwalwa kuma yana aiki sosai, amma ko kaɗan ba ya kare mutum daga ciwon Laim duk da kaska iri ɗaya ce ke kawo su biyun. Toh duk lokacin da za a yi allura ka tambayi sunan ciwon da take karewa, kar ka tsaya a kan "allurar kaska ce".

Kuskuren da ya fi girma a ganina shi ne ɗaukar ƙwayar cuta kamar abu ne mai kama ɗaya da ba ya canzawa. Yadda rigakafi ke aiki shi ne a nuna wa jiki wani furotin da ke jikin ƙwayar, kamar a ce ga rigar ɓarawon nan ku riƙe kalarta, jiki ya haɗa sojojinsa wato antibodi masu gane wannan rigar. To Borrelia burgdorferi, ƙwayar ciwon Laim wadda wani masani Willy Burgdorfer ya gano aka bayyana a 1982, tana cikin hanjin kaska sanye da wani furotin da ake kira OspA, amma da zarar kaskar ta fara shan jini ɗumi ya ratsa ta, sai ƙwayar ta tuɓe wannan ta sa wani daban mai suna OspC, da shi take bi ta miyaun kaskar ta shiga jikin mutum. Bayan ta shiga ta zauna kuma sai ta koma wani na uku, VlsE, shi wannan kullum cikin sauya kamanninsa take, kafin jiki ya gama haɗa antibodin da ya dace da na jiya ta riga ta fito da na yau. Ga kuma miyaun kaskar kansa yana ba ta mafaka, akwai wani furotin a ciki, Salp15, da ke mannewa a kan OspC ya lulluɓe shi. Har wani furotin na jininmu da ke hana garkuwar jiki far wa namanmu ƙwayar ke jawowa ta yafa a jikinta, shigar burtu sosai, garkuwa ta zo ta wuce tana zaton ɗan gida ne.

Daga nan za ka gane me ya sa tsallake allura ta biyu ko ta uku ba ƙaramin ganganci ba ne. Rigakafin Laim da aka amince da shi a Amurka a 1998, LYMErix, a kan OspA aka gina shi, kuma allura uku ake yi. Abin mamakin shi ne ba a jikin mutum yake kashe ƙwayar ba, a cikin hanjin kaskar ne, kaska ta zuƙi jinin da ke cike da antibodi su kuma su far wa ƙwayar tun ba ta canza riga ba. Ka ga kenan dole antibodin ya zama da yawa a jini a ranar da aka yi cizon, in ya ja baya saboda ba a cika allurar ba ko lokacin ƙari ya wuce, ƙwayar za ta tsallaka, kuma a cikin jiki ba za ta ƙara nuna OspA ɗin da jiki ya sani ba balle ya farga. An janye wannan allurar daga kasuwa a 2002, kamfanin ya ce ciniki ne ya faɗi bayan tsoron da ya bazu cewa tana jawo ciwon gaɓɓai, abin da bincike bai tabbatar ba, kuma ni wannan yana min ciwo don mutane ne suka yi asara. Na karnuka dai har yanzu ana yi kuma shi ma sai ana sabuntawa. Ka rubuta ranar kowace allura, ka sa a waya ta tuna maka.

Wani kuma shi ne zaton allurar da ta yi aiki a wata ƙasa dole ta yi a ko'ina. Borrelia na Turai jinsi-jinsi ne kuma OspA ɗinsu ba ɗaya ba, shi ya sa sabon rigakafin da kamfanonin Pfizer da Valneva suka haɗa ya ɗauki nau'i 6 a tare. A ɓangaren dabbobi abin ya fi fitowa fili da Ehrlichia ruminantium, mai ciwon nan da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu har dabba ta riƙa zagaye tana faɗuwa tana shure-shure. Nau'o'inta suna da yawa kuma kariyar da ɗaya ta bayar ba lallai ta rufe ɗayar ba, sannan cikin ƙwayoyin bangon jijiyoyin jini take shigewa inda antibodi ba ya isa da sauƙi. Don haka in za ka sayo dabba daga nesa, ko ka kai naka wani yanki, kar ka dogara da cewa ai an yi musu can, ka ware su ka sa ido na 'yan makonni kuma ka nemi likitan dabbobi na inda suka sauka.

Sai batun saniya ta warke. Anaplasma marginale cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, ta sa dabba zazzaɓi da ƙarancin jini ido ya yi ɗorawa, to ko ta miƙe ta ci gaba da kiwo galibi ƙwayar na nan tare da ita har ƙarshen rayuwarta, don ita ma tana juya furotin ɗin bayanta, MSP2 da MSP3, duk bayan 'yan makonni sabon salo ya taso jiki ya danne shi wani ya sake tasowa. Rigakafin da ake amfani da shi a Afirka ta Kudu da Isra'ila da Ostireliya wata 'yar uwarta ce mai sauƙin illa, Anaplasma centrale, wadda wani masani Arnold Theiler ya gano tun 1911, kuma aikinta rage tsananin ciwon ne ba hana kamuwa ba. Saboda haka in ka ga wadda aka yi wa ta ɗan yi zazzaɓi ta tashi, kar ka ce allura ba ta yi ba, aikinta kenan ta yi. Kuskuren da ke biyo baya shi ne bin garke gaba ɗaya da tsinin allura ɗaya, ko yankan ƙaho da dandaƙa da ƙarfe ɗaya ba a wanke ba, ka kwaso jinin mai ɗauke da ƙwayar ka zuba wa lafiyayya da hannunka ba ma sai kaska ta zo ba. Kowace dabba da tsininta, ƙarfe kuma a tsaftace shi tsakanin ɗaya da ɗaya.

Ga mutane kuma, zazzaɓi ya sauka ba ya nufin an rabu. Akwai wata Borrelia daban da kaska mai laushin jiki ke yaɗawa, irin wadda ke ɓuya a tsagar bango ta yi cizo da dare cikin mintuna ta koma, zazzaɓinta yana yin kamar kwana 3 ya tafi, bayan kusan mako ya dawo, saboda ƙwayar ta sauya furotin ta sake cika jini. Mutane da yawa sai su yi ta shan maganin maleriya. In zazzaɓi yana tafiya yana dawowa haka ka faɗa wa likita ƙarara cewa ka zauna inda kaska take. Haka gwajin jinin Laim, antibodi yake nema kuma sai an yi makonni kafin ya fito, gwajin farko zai iya cewa babu alhali akwai, jan zoben da ke fitowa a fata kuma a baƙar fata ba ya fitowa ja sosai, sai an duba da kyau a haske.

Cire kaskar ma ana ɓata shi, masu ɗiga kananzir da masu shafa basilin da masu kara mata ashana, duk ɓata lokaci ne kana barinta a manne tana ci gaba da zuba miyau. Ka samu hantsaki mai siririn baki ka kama ta dab da fata, ka ja sama a hankali ba murɗawa ba matse cikinta, ka wanke wurin da sabulu. Ƙwayar Laim galibi sai kaskar ta wuce kwana guda a manne kafin ta tsallaka, don haka ko an yi maka allura ko ba a yi ba, in ka dawo daga cikin ciyawa ka duba hammata da bayan gwiwa da matsematsi da cikin gashi a ranar, yara kuma a duba musu bayan kunne. Ka rubuta ranar da ka cire ta, in ƙurji mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya cikin kwana 30 ka tafi asibiti da wannan ranar a hannunka.