Yadda za ka zaga Birnin Kudu a wuni ɗaya ka ga duwatsu masu zane

Yawancin mutane wucewa kawai suke ta Birnin Kudu a hanyarsu ta zuwa Bauchi, a tsaya a sha mai a ƙara gaba, alhali garin nan yana da abin da wallahi ya kai a ware masa wuni guda. A kudancin Jihar Jigawa yake, ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 cikin Jihar Kano yake.

In daga Kano za ka taso to ka yi sammako, ka bi titin Maiduguri ka tsallake gadar Wudil, sai ka ɗauki hanyar Kachako har Kwanar Huguma ka miƙe, tafiyar ta haura kilomita 100. Da ka fara hango manyan duwatsu sun hau kan juna a tsakiyar gonaki to ka kusa. Da rani ya fi, bayan an yi girbi, saboda da damina ciyawa tana rufe hanya ga santsi a kan dutse. Takalmi sau ciki za ka sa, ka riƙe ruwan sha.

Kar ka ce kai tsaye za ka nufi dutse. Fara zuwa fada ka yi gaisuwa, hakimin garin Sarkin Kudu ake ce masa, ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka nemi ma'aikatan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa don su ke kula da wurin, su haɗa ka da ɗan rakiya. In ba haka ba za ka iya wuce zanen ba ka gan shi ba, don a ƙarƙashin rumfar dutse yake kuma wani ya dusashe sosai.

Ka ce a kai ka Dutsen Habude da Dutsen Mesa, in da sauran lokaci a ƙara da Dutsen Murufu. In ka shiga ka ɗan tsaya idonka ya saba da inuwar tukuna, a hankali za ka ga shanu suna fitowa a jikin dutsen, galibi da jan launi. To nan nake so ka natsu, ka dubi bayansu da kyau, babu tozo! Ga ƙaho ga ƙafafu amma gadon bayan a miƙe yake, wato ba irin shanun da Fulani ke kiwo a yankin yanzu ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka zanen ya daɗe ƙwarai. Akwai kuma duwatsun da in aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su ba da amo kamar ƙararrawa, za ka ga 'yan ramuka sumul a inda aka daɗe ana bugu. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya yi rubutu game da su a shekarun 1950 har duniya ta san da su. Bari ɗan rakiya ya nuna maka inda ake bugawa.

Don Allah kar ka shafa zanen da hannu, kar ka watsa masa ruwa wai don hoto ya fito, kuma kar ka rubuta sunanka da gawayi ko fenti. Abin nan yana min ciwo, don in ya goge babu mai iya maido shi.

Da la'asar ka shigo gari. Ka bi ta Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu inda Aliko Ɗangote ya yi sakandare, akwai kuma babban asibitin tarayya. In tafiyarka ta dace da ranar kasuwa ka leƙa kara ka dubi tozon shanun da ake ciniki ka gwada da na jikin dutse, ka zauna da dattawan 'yan hatsi ka tambaye su ta ina fatake ke shigowa a da, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarsu a waya. Ka kama hanya kafin magariba saboda manyan motoci sun yi yawa a titin da daddare.