Yadda za ka karanta labarin sabuwar mura ka gane inda haɗarin yake

In ka ji an ce H5N1 ko H3N2 ta ɓulla, kafin ka firgita fara da haruffan tukuna. H da N sunadarai ne biyu a bayan jikin ƙwayar cutar, H ita ke maƙalewa ta buɗe ƙofar ƙwayar halittar jikinka, N kuma ita ke yanke sababbin ƙwayoyin cutar da aka kwafa a ciki su ɓalle su bazu. Garkuwar jiki H ta fi ganewa, don haka lambar H za ka fi sa wa ido.

Sai ka tambaya, canjin ƙarami ne ko babba? Ita ƙwayar nan in tana kwafar kanta kuskure take ta yi kuma ba mai duba mata, shi ya sa duk shekara take ɗan sauya kama, shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ke zama sau biyu a shekara ta zaɓi irin da za a sa a allurar rigakafi. Wannan murar kowace shekara ce kawai.

Babban canjin shi ne wajen tsayawa. Kayan gadon ƙwayar murar, wato bayanan halittarta da take kwafa, kashi 8 ne a rarrabe, to in ta tsuntsu da ta mutum suka haɗu a ƙwayar halitta ɗaya, a jikin alade misali tunda shi duka biyun suna kama shi, sai su yi musayar kason nan, abin da zai fito jikin kowa bai san shi ba. A 1957 H2N2 ta ɗauko kashi 3 daga murar tsuntsu. A 1968 H3N2 ta Hong Kong 2 kawai ta ɗauko ta riƙe tsohuwar N2, ana ganin wannan ya ɗan rage mata kaifi. Ta 2009 kam hargitsi ce wallahi, aladun Amurka ta Arewa, aladun Turai da Asiya, tsuntsu, mutum, duk a cikin ƙwaya ɗaya.

Abu na ƙarshe, wanda ni a ganina ya fi komai, duba ko tana tafiya daga mutum zuwa mutum. H5N1 ta kama mutum 18 a Hong Kong a 1997, 6 suka mutu, a 2024 har shanun madara ta shiga a Amurka, amma yawanci masu hulɗa da dabbobin take kamawa. In ka ga labari, nemi ko majinyacin ya taɓa kaji ko shanu, in bai taɓa ba kuma ma'aikatan jinya ma suna kamuwa, to nan ne za ka miƙe zaune.